Dodoru: Darasin Zane a Faifai da Allo

Matafiyin da ya ratsa ƙasar Gwandu ya yada zango a Dodoru zai tarar da darasin farko da ake koya wa ɗaliban zane a kwaleji: ɗigo da layi, siffa da launi, da yadda ake tsara su a shimfiɗa mai tsawo da faɗi kawai.

Darasin yana cikin faifan da mata ke ɗinkawa, inda zobe ke bin zobe kuma launi ke dawowa bisa ƙa'ida. Yana cikin zayyanar allon mai saukar Alƙur'ani, inda ake raba fili gida-gida, dama ta yi daidai da hagu, a kuma bar sarari don kada ado ya danne rubutu. Haka aska takwas a ƙirjin babbar riga take nuna wa ido inda zai fara sauka.

A 1958 ɗalibai a Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar da ta nemi a haɗa fasahar gida da ta Turai. Kiran nan bai tsufa ba, domin yau roba tana korar ƙwarya da faifai, masu sana'ar kuma suna manyanta.

Ya kamata malaman zane a Kebbi su riƙa kai ɗalibai garuruwa irin Dodoru, su zauna gaban masu hannu, su auna, su kwafa, su tambaya. Da tsohuwar zuma ake magani.