Kafin ka sayi sabon famfon mai, ka fara duba waya

1/ Jama'a, zare ne kan masu mashin mai injekta. Irin namu na gida mai kafireto ba shi da famfon mai, daga tanki man ke gangarowa da kansa. Amma tun da Indiya ta tsaurara dokar hayaƙi a Afrilun 2020, akasarin mashinan da ake sayarwa a can injekta ne. Irinsa nake hawa.

2/ Shi wannan famfon a cikin tanki yake, da wutar batir yake aiki. Kana murɗa makulli za ka ji ya yi "zuuu" na daƙiƙa 2 ko 3, ya yi shiru. Mai yake turawa ya cika layi. In ba ka ji wannan ƙarar ba, ko ka kwana kana danna sitata ba zai tashi ba.

3/ Nawa haka ya yi min a ƙarshen damina. Sitata na juyawa garau, famfo shiru. Bakaniken farko ko kujera bai ɗaga ba ya ce, "Oga, famfo ya ƙone, sai sabo." Da ya faɗi kuɗin sai na ce Malam dakata, mu bi wayar tukuna. Shirun famfo ba shi ne mutuwar famfo ba, wataƙila wuta ce ba ta kai masa.

4/ Na tura shi wajen wani dattijo mai wayarin. Baba ya fara da abin da ba ya cin kuɗi: jan maɓallin nan na hannun dama da ke kashe inji. In yaro ya danna shi, a mashina da yawa famfo ba zai yi motsi ba. Akwai kuma na'urar da ke yanke mai in mashin ya faɗi. Duk lafiya lau.

5/ Sai batir. Lafiyayye a zaune yana nuna wajen 12.6 a mita. Ya sauka ƙasa da 12, to ya yi sanyi. Nawa 12.5, ba laifi. Sai fis. Bai yarda da ido ba, da mita ya gwada, don wani fis ɗin a ido lafiya, a ciki ya tsinke.

6/ Sai rile. Ya ɗora yatsa a kai, ya ce in murɗa makulli. Ya yi "ƙas". Ma'ana birenbos ya ba da umarni. Duk da haka ya musanya shi da wani irinsa, don rile na iya yin ƙara alhali bakinsa na ciki ya ƙone. Har yanzu shiru.

7/ To nan ne inda nake so ku natsu. Ya zare soket ɗin famfo ya sa mita, ta nuna 12. Wani da ya ga haka zai ce shi ke nan, wuta na zuwa, famfo ne. Baba ya ajiye mita, ya jona ƙwan sigina a wurin. Da kyar ƙwan ya yi ja.

8/ Dalili: mita kusan ba ta jan wuta, don haka ko silin waya ɗaya ne ya rage za ta nuna maka 12. Famfo kuwa injin ne, yana jan wuta sosai. Kamar tiyo ne da ya toshe: ruwa na ɗiga, amma ba zai cika bokiti ba.

9/ Da ya bi baƙar waya zuwa inda aka ɗaure ta a jikin firam, sai ga tsatsa, soket ɗin ƙarƙashin kujera kuma ya yi kore shar. Ruwan sama da na wanki ne suka kwanta a wurin. Ya goge da sanfefa, ya ɗaure tam, ya shafa giris. Na murɗa makulli: zuuu. Bugu ɗaya ya tashi.

10/ Abu biyu, don Allah. Kar ka yarda a naɗa maka wayar kofa a madadin fis. In fis na yawan ƙonewa, akwai inda waya ta goge ko famfon na shan wahala, a nemo wurin. Kar kuma a haɗa famfo kai tsaye da makulli a tsallake rile. Ranar da ka faɗi, inji ya mutu, famfo zai ci gaba da tura fetur kusa da salansa mai zafi.

11/ In za a gwada famfo da batir kai tsaye, a yi a fili, tanki a rufe, tartsatsi nesa da mai, na ɗan lokaci kaɗan.

12/ Sannan a daina yawo da tanki a bushe. Man da ke ciki shi ke sanyaya famfon. Na san tsadar fetur, amma famfo ya fi lita biyu tsada nesa ba kusa ba.

13/ Tsarin dai shi ne: maɓalli, batir, fis, rile, soket, baƙar waya, sannan famfo a ƙarshe. Masu wayarin da ke nan, in akwai abin da za ku ƙara, bismillah. Allah Ya tsare mu a hanya.