Gidan Haya a Ƙetaren Gada

A shekarun da muka tashi, duk mai 'yan kuɗi a Kaduna ya san inda zai binne su: ƙetaren gada, wajen masaƙu. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, UNTL da Arewa da Nortex suka biyo baya, ga DICON mai ƙera makamai, ga Peugeot da ta fara haɗa motoci a 1975. Jiniya na kaɗawa, titi sai ya cika da kekunan ma'aikata, kuma kowannensu yana buƙatar wurin kwana.

Da wannan lissafin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya gina gidan haya a Makera. Ɗakuna ne ciki da falo a jere, rijiya a tsakar gida, makewayi can ƙurya. Akwai Batibe, akwai Bajju, akwai Bayarabe, akwai wani Bakatsine da ke aikin dare, kullum muna wasa ana ce mana mu yi a hankali yana barci. Wata na ƙarewa Baba zai shimfiɗa tabarma a zaure da wani littafi mai jan bango, su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya: "Baba mai gida, ga na wata." Ban taɓa ganin ya bi wani da ƙafa neman kuɗinsa ba. A tunaninmu ginin ne ke haifar da kuɗi. Ashe albashin masaƙa ne da zaman lafiya.

Zaman lafiyar ne ya fara tafiya. Rikicin Fabrairun 2000 ya raba garin gida biyu, na Nuwamban 2002 ya ƙara zurfafa ramin. Musulmi da yawa suka kwashe zuwa Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci suka gangaro Sabon Tasha da Narayi da Television. Wasu suka yi musayar gida da gida, wasu suka sayar a farashin da ko kuɗin kwano bai kai ba, domin mai gudun ceton rai ba ya ciniki. Dillalai sun san haka, masu saye ma sun sani. Har yau nakan ji ɗaci idan na tuna dattawan da suka kwashe kuɗin sallamarsu kaf suka zuba a gida ɗaya, a unguwa ɗaya, ba su bar ko sisi a gefe ba.

Sai masaƙun suka bi. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Ɗan hayan da bai taɓa latti ba ya koma ana binsa kuɗin shekara guda. Ka kore shi ka sa wa? Wanda zai shigo ma ba shi da aiki. Littafin nan na Baba ya koma littafin bashi, rufi na yoyo babu kuɗin kiran kafinta.

Ruwa ma ya karɓi rabonsa. Ambaliyar 2003 ta shiga gidajen Barnawa da Nasarawa da ke gaɓar kogi, kuma ta sha dawowa tun daga nan. Fili mai araha a bakin rafi da rani ake tallarsa. Wanda ke so ya saya, ya jira Agusta ya je da ƙafarsa, ya duba alamar da ruwa ya bari a katangar maƙwabta.

Batun takarda kuwa, a da hannun mai unguwa da shaidu biyu sun wadatar da mutane. Amma tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna, kuma tun da aka kafa hukumar KADGIS a 2015 can ake tantance ko filin na mai sayarwa ne, ko an taɓa jinginar da shi, ko hanya ce gwamnati ta shata. Izinin gini kuma wajen hukumar KASUPDA yake. Yawancin filayen bayan gari a wannan yanki gonakin gado ne na iyalan Gbagyi, saboda haka sa hannun magaji ɗaya ba ya ɗaure sauran. A tara su gaba ɗaya kafin a biya ko kafin alƙalami.

Yanzu gari ya miƙe har Gonin Gora da hanyar matatar mai, matasa na ta sayen fuloti daga hoton da dillali ya turo musu a waya. Ɗan'uwa, kafin ka tura kuɗinka je ka zauna da mutanen unguwar. Tambaye su inda suke samun abin biyan haya, tambaye su ko suna barci da ido biyu rufe, sannan ka ɗauki lambar filin ka kai KADGIS.