Darasin Watanni a Kwanar Dangora

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya ya san Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu ta nufi dajin Falgore har zuwa Jos. A nan na sauka bayan kaka, ina jiran motar Tudun Wada, buhunan masara da shinkafa jibge a bakin titi, fatake suna ta ciniki. Na sallame Azahar ke nan a wani masallaci na gefen hanya, sai wani saurayi, malamin Islamiyya daga ƙasar Kiru, ya durƙusa ya miƙo mini littafi bugun Bairut, ya ce, "Allah gafarta Malam, an rubuta a nan an buga shi a watan Ailul. Na ƙirga daga Muharram har Zulhajji ban same shi ba."

Na ce masa ba zai same shi ba, domin Ailul shi ne Satumba a wurin Larabawan Sham da Iraƙi. Asalin sunan kuwa daga Babila ne. Daga can Bani Isra'ila ma suka ɗauko sunayen watanninsu, bayan Bukhtanasar ya rushe Baitul Maƙdis a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kwashe su zuwa ƙasarsa. Na lissafa masa su da Ibrananci yana rubutawa: Tishri, Heshwan, Kislew, Tebet, Shebat, Adar, Nisan, Iyyar, Siwan, Tammuz, Ab, Elul. Takwas daga cikinsu duk mai karanta jaridar Larabci ta Sham zai gane su, watau Tishrin, Shubat, Azar, Nisan, Ayyar, Tammuz, Ab da Ailul. Wannan ilmi ba baƙo ba ne ga malamanmu. Al-Biruni ya tattara shi a littafinsa Al-Asarul Baƙiya wajen shekara ta 1000 Miladiyya.

Wani bafatake da ke sauraronmu ya ce, "To Malam, mene ne amfanin sanin watannin Yahudu ga mai sayen masara?" Na ce amfaninsa shi ne ka gane naka. Su ma da jinjirin wata suke ƙirga, wata kwana 29 ko 30, kamar mu. Amma sau 7 a cikin kowace shekara 19 sukan ƙara wata na goma sha uku, Adar na biyu, domin idinsu kada ya bar lokacinsa. Shi ya sa azuminsu na 10 ga Tishri kullum yana faɗowa a Satumba ko Oktoba. Mu kuwa Alƙur'ani, a Suratut Tauba, ya tsayar da watanni goma sha biyu, ya kuma hana jinkirta wata mai alfarma kamar yadda Larabawan jahiliyya suke yi. Saboda haka shekararmu kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Turawa da kamar kwana 11, Ramadan yana zagayawa, a yi shi a bazara, a yi shi a damina, a yi shi da hunturu.

A nan ne maganar ta taɓa aljihu. Na tambayi bafataken nan yaushe yake fitar da zakkar dukiyarsa. Ya ce kowane Disamba, idan ya rufe lissafi. Na ce to, kowace shekara yana jinkirta haƙƙin talaka da kwana 11, kuma a cikin shekara 33 zai tsallake zakkar shekara guda cur bai sani ba. Zakkar hatsi ranar girbi take. Amma ta kuɗi da kayan fatauci da shekarar wata ake auna ta. Haka iddar wadda mijinta ya rasu, haka kaffara. Ma'aikacin gwamnati da ke karɓar albashi da watan Turawa, shi ma wannan hukunci yana kansa a kan abin da ya ajiye idan ya kai nisabi. Mutumin ya yi shiru, can ya ce a taimaka a duba masa watan da jarinsa ya cika nisabi.

Kakanninmu ba su yi wannan sakaci ba. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta san watan Cika-ciki, da na Takutaha, da na Azumin Tsofaffi, da na Ƙaramar Salla da Babba. Yau sai ka tambayi magidanci nawa ga wata, ya ce sai ya duba wayarsa.

Da motar Tudun Wada ta cika, na bar saurayin nan yana jera sunayen a takarda gida uku, na Hijira da na Sham da na Ibrananci, zai kai wa ɗalibansa. Ina roƙon 'yan'uwa 'yan kasuwa da ma'aikata, kowa ya rubuta watan Musulunci da zakkarsa take cika a bangon littafin lissafinsa tun yau. Allah ya sa mu dace. Wassalam.