Kwaɗin da Muka Mayar Ruwa

 

Mu 'yan ajin ƙarshe na wannan madarasa, yawancinmu da safe muna lekol, da yamma muna gaban Malam. A daminar bara wani abu ya same mu wanda ya haɗa karatun biyu wuri guda, shi ne muke so mu ba ƙannenmu labari.

Malaminmu na SVT ya ce kowane rukuni ya kawo kwaɗo mai rai. Za a lalata masa ƙwaƙwalwa da allura, a rataye shi, a taɓa ƙafarsa a ga yadda take janyewa, sannan a feɗe shi a ga zuciya. Duk wanda ya san Zongo ya san in ruwa ya sauka, kogin Zio ya cika, kwaɗi ba sa wuyar samu. Kafin magariba mun tara bakwai a bokiti, muna ta dariya.

Da bokitin muka iso madarasa. Malam ya leƙa ya ce, "Wannan fa?" Muka gaya masa. Bai yi faɗa ba. Ya tuna mana hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, na likitan da ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da sa kwaɗo cikin magani, aka hana shi kashe shi. Ya ƙara da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Sai ya ce, "Larura tana da hukuncinta, mai koyon aikin likita daban ne. Ku ku tambayi kanku: taku larura ce?"

Wallahi mun shiga tsaka mai wuya. Ga maki, ga jarrabawa na tafe, ga iyaye da suka biya kuɗin makaranta da gumin goshi. Wasunmu suka ce ai kwaɗo ne kawai. Wata daga cikinmu ta ce, "To, in kwaɗo ne kawai, me ya sa hannunka ke rawa?" Kowa ya yi shiru.

Washegari muka je wurin malamin SVT cikin ladabi. Ya saurare mu, ya ce, "Gani ya kori ji. Ba mu da ɗakin gwaji, ba mu da mutum-mutumin roba. In ba kwaɗo, me za ku kawo?" Gaskiyarsa ce, mu ma ba ma son karatun hadda kaɗai. Muka roƙi kwana biyu.

Muka yi karo-karo, muka je wurin mahauta a kasuwar Assiyéyé. Wani dattijo ya ba mu zuciyar rago haɗe da huhu da maƙogwaro, daga dabbar da aka riga aka yanka don ci. Da ya ji na karatu ne, ya ƙara mana ƙoda kyauta.

A aji muka sa tiyo a maƙogwaron muka hura, huhun ya kumbura, 'yan aji suka yi ihu. Muka tsaga zuciyar muka ƙirga ɗakuna 4, irin na ɗan Adam. Ta kwaɗo ɗakuna 3 ne, kuma ba ta kai kan yatsa ba. Muka bi hanyar jini daga ɓangaren dama zuwa huhu, ya dawo hagu, abin da Ibn Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana tun kafin Turawa. Batun janye ƙafa kuwa, a kanmu muka gwada: mutum ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa, a ɗan buga ƙasan gwiwarsa, ƙafar ta harba da kanta. Bugun zuciya mai rai ne kaɗai ba mu gani da ido ba, shi a bidiyo muka kalla a wayar malamin.

Daga baya ya gaya mana cewa a Indiya ma, a 2014 hukumar jami'o'in ƙasar ta hana feɗe dabbobi a darasin ilimin halittu.

Kwaɗin nan bakwai mun mayar da su ruwa. Shida suka yi tsalle suka tafi. Ɗaya ya riga ya mutu a bokiti, don mun bar su cikin zafi. Wannan laifinmu ne, muna neman gafarar Allah.

Ƙannenmu, in aka ce ku kawo kwaɗo, kada ku yi gardama, kada kuma ku gudu daga aji. Ku je da ladabi, da abin da zai maye gurbinsa a hannu. Babbar Sallah ma tana zuwa: kafin a soya kayan ciki, ku roƙi Baba minti biyar ku duba.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani da zuciya mai tausayi. Amin.