Jirgin da Bai Taɓa Zuwa Dodoru Ba

Layin dogo bai taɓa taka ƙasar Gwandu ba. Har gobe, in ka tashi daga Dodoru ka nufi Kalgo ko Birnin Kebbi, ko ka bi ta Tambuwal zuwa Sakkwato, ba za ka tsallaka ƙarfen jirgi ko ɗaya ba. Turawa sun ja layi daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, nan ya tsaya bai ƙara gaba ba. Duk da haka jirgin ya shiga gidajenmu. Audugarmu da gyaɗa da ƙiraga, a kan jakuna da manyan motoci suke tafiya har Gusau su hau tarago. Goro da gishiri da kananzir da atamfa kuwa ta wannan hanya suke zuwa mana. Samarin da suka tafi cin rani suka dawo da labarinsa, wasu ma ba su dawo ba, reluwe ta riƙe su.

Cikin waɗanda ta riƙe akwai kawuna, ƙanen mahaifiyata. Ya fara da leburanci a loko ta Zariya, yana kwashe toka yana goge kan jirgi, sannu a hankali har ya zama fayaman, mai zuba kwal a wuta. A gida in ya zo hutu, mu yara hannuwansa muke kallo kafin tsarabarsa. Baƙin kwal ya zauna a tsagar tafinsa, sabulu ba ya fitar da shi, bayan hannun kuma duk ɗigo-ɗigon tabon tartsatsi ne.

Ina ƙaramin yaro, cikin shekarun 1960, aka tafi da ni Gusau biki, Kawu ya zo da jirgin kaya ya tsaya shan ruwa. Ya miƙo hannu ya ɗaga ni zuwa inda suke tsayawa shi da direba. Zafin wurin ne ya fara dukana, sai warin baƙin mai da hayaƙi. Ya buɗe ƙofar murhu, na ga wuta fara fat, na ja da baya. Ya yi dariya ya ce, "Kak ka ji tsoro, ɗan nan. Wuta ba ita ta abin tsoro ba. Diba nan." Ya nuna mini wani ɗan siririn gilashi da ruwa ke hawa da sauka a cikinsa. Ya ce duk ranar da ruwan nan ya ɓace daga gilashin, saman murhu ya bushe ke nan, tukunya na iya fashewa ta tafi da su gaba ɗaya. Saboda haka idonsa ɗaya na kan wuta, ɗaya na kan gilashi, tun daga Zariya har Ƙaura.

Sai da na girma na fahimci abin da ya nuna mini. Kan jirgin kwal babbar tukunya ce a kwance bisa ƙafafu. Wutar murhu takan bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa ruwa, ruwan ya tafasa, tururi ya taru ya tura fistin, fistin ya tura sanduna, sanduna su juya ƙafafu. A faɗa da baki abin da sauƙi, amma aikin na gwanaye ne. Ba a jibga kwal wuri guda, watsa shi ake yi lungu-lungu da shebur don wuta ta ci daidai. Kafin a kai hawa fayaman ya riga ya gina wutarsa, in ya jira sai jirgi ya fara nishi to ya makara. In ƙafa tana sulɓi da damina, a saki yashi bisa layi. Jirgin da ya huce kuwa sai an yi awoyi ana lallaɓa wutarsa kafin ya motsa, don in aka gaggauta ƙarfe zai buɗe ba daidai ba, bututai su fara yoyo. Yawancin wannan sani a hannu da kunne yake. Kawu yakan ce daga sautin hayaƙi kaɗai yana gane ko wutarsa ta yi rami.

Manyan kawunan jirgi da su Kawu suka fi alfahari da su a lokacin su ne waɗanda aka fara kawowa daga Ingila a 1948, aka raɗa musu sunayen kogunan Najeriya. Kwal ɗinsu daga Inugu yake zuwa. A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, jirgin dizal ya fara aiki, kuma tun daga nan kwanan jirgin kwal ya fara ƙarewa. Yaƙin basasa da ya ɓarke a 1967 ya datse hanyar kwal, ya ƙara gaggauta abin. Kafin a fita shekarun 1970 an kashe wutar kusan dukkansu. Kawu ya karɓi sallama ya dawo Dodoru ya kama noman gero da albasa. Bai taɓa cewa aikin da daɗi ba, yakan ba da labarin azumin da ya yi a gaban murhu cikin bazara har muryarsa ta canza. Amma in aka ambaci dizal sai ya kawar da kai ya ce, "Wanga mota ta, ba jirgi ba."

Shekaru da yawa bayan rasuwarsa, tafiya ta bi da ni ta wata tasha inda aka jere matattun kawuna a ƙarshen layi. Ciyawa ta rufe ƙafafunsu, wata bishiya ta tsiro ta tsakiyar inda direba ke tsayawa. Duk abin da yake na tagulla an kwance shi: usur, famfuna, allon suna, har mazaunin gilashin nan na ruwa. Na leƙa murhu na tarar da ruwan sama kwance a ciki. Da na sake biyowa babu su, an ce an yanka an auna a sikeli. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin ƙarfen da ya ɗauki dalar gyaɗar Kano ya kai ta bakin teku bai cancanci a saye shi da kilo kamar tsohuwar tukunyar gidan biki ba.

Ba duka suka tafi ba, alhamdu lillahi. A tashar Minna akwai ɗan ƙaramin kan jirgin da ya riga kowanne shiga Arewa. Kamfanin Hunslet na garin Lids ya ƙera shi a 1901, ya yi aiki a siririn layin da ya haɗa Zungeru, hedikwatar Lugga, da bakin kogin Kaduna ta wajen Wushishi, shekara goma kafin jirgi ya isa Kano a 1911. A gidan tarihi na Jos akwai kayan ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos don kwasar kuza, wanda aka rufe a 1957. A Ebute Metta ta Legas, ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara tsohon gidan Jaekel ta mai da shi wurin adana tarihin reluwe. Wanda ya fi burge ni shi ne na Saliyo. An rufe layinsu tun tsakiyar shekarun 1970, amma wasu kawuna da taragu suka tsira a kulle cikin tsohuwar ma'aikata a Firitawun, suka wuce yaƙin ƙasar, har aka buɗe gidan tarihi da su a 2005. Rufin kwano ne ya cece su.

Tayar da mataccen kai ya yi tafiya da ƙafarsa ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an ɗaga tukunya daga kan ƙafafu, an zare bututai ɗaya bayan ɗaya, an auna kaurin ƙarfe a ga inda tsatsa ta ci, an sake ɗaruruwan ƙusoshin da ke riƙe bangon murhu, sannan a cika ta da ruwa a matsa fiye da ƙarfin aikinta a ga ko za ta yi yoyo, tun kafin a kusanto da ashana. Turawan Ingila sun kwashe shekara goma da fam miliyan 4 da ɗoriya kafin shahararren jirginsu Flying Scotsman, ƙirar 1923, ya koma kan layi a 2016. Ba na ganin daga nan za mu fara. Abin da ke gabanmu bai kai haka tsada ba: a yi wa waɗanda suka rage rumfa, a toshe bututun hayaƙi kada ruwa ya shiga, a kankare tsatsa a shafa mai da fenti, a sa mai gadi. Maƙeranmu da masu walda na Zariya da Gusau za su iya wannan.

Abin da ya fi gaggawa ma ba ƙarfen ba ne. Wanda ya zuba kwal yana saurayi a 1970 yau ya haura saba'in. Suna nan a unguwannin reluwe na Zariya da Kafancan da Minna, wasu kuma sun koma ƙauyukansu kamar yadda Kawu ya yi, ba wanda ke tambayarsu komai. Ya kamata ɗaliban tarihi da na injiniya na jami'o'inmu, har da ta Aliero da ke kusa da mu, su bi su da waya su naɗi bayaninsu da Hausa, a kai su gaban kan jirgin su nuna kowane famfo da sunan da suke kiransa.

In kuma Allah ya nufa wata rana aka tayar da ɗaya daga cikin manyan, sabon layin Abuja zuwa Kaduna ba zai karɓe shi ba, don faɗinsa milimita 1,435 ne, tsofaffin kawunan kuwa an ƙera su ne don 1,067. Tsohon layi zai bi. Ni roƙona a fara da na Zariya zuwa Ƙauran Namoda in hanya ta yi lafiya, a sanar a rediyo da wuri, domin mutanen Gwandu da Kalgo su samu su yi hayar mota su tarye shi a Gusau.