Binne da tiya uku na maƙwabci

Duk wanda ya tashi a karkarar Maradi ya san binne. Ƙarshen watan Mayu, sama ba ko gajimare, mu ɗauki sungumi mu sari busasshiyar ƙasa, mu zuba iri mu rufe da ƙafa. Irin nan kuwa hatsi ne da za a iya dakawa yara su sha fura yau.

Bara mun yi binne, yayyafi ya sauka, hatsi ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke. Rana ta ƙone shi ƙurmus. Ran Lahadi a majami'a aka yi addu'a. Maganar gaskiya, baki na cewa amin, zuciya na can rumbu tana lissafi. Irin sake shuka ba mu da shi, kuɗin saye ma babu.

Mu dai hadari muka roƙa. Ran Talata da safe sai ga yaron maƙwabcinmu, wanda ke fita roƙon ruwa da jama'ar masallaci, ɗauke da tiya uku na iri. Ya ce: "Baba ya ce ku shuka, ba bashi ba ne."

Dammunan da muka ɗaure ba su kai mu wata damina ba, sai da muka ƙara da saye. Amma mun koyi abu guda: alherin Ubangiji yakan biyo ƙofar da ba mu kallo.

Bana mun ware tiya uku a gefen rumbu. Ƴan'uwa, wanda shukarsa ta ƙone, kar ya ji kunya, ya aiko yaro.