Ɗalibin tarihi da adabi: a ina zai koyi aiki?



Ranar da babban ɗanmu ya samu bak, gidanmu ya cika da masu barka. Bayan an watse, kawunsa ya tambaye shi abin da zai karanta a jami'a. Da ya ji an ce ilimin tarihi, sai ya yi jim, sa'an nan ya dube mu ya ce: "To, Allah ya sa albarka. Amma da tarihi me ake ci?" A ranar mun ji zafin maganar. Sai daga baya muka gane cewa tambaya ce wadda ya kamata mu riga shi yi wa kanmu, domin mu taya yaron shiri tun da sauran lokaci.

Yaron ya tafi Yamai, ya shiga sashen adabi da ilimin ɗan Adam na Jami'ar Abdu Mumuni, can ƙetaren kogi. Ya yi shekara uku ya samu lisans, bai taɓa maimaita aji ba. Duk hutun damina yakan dawo gida, mu kuwa mu ce ya huta, ai ya sha wahalar karatu. Bayan ya gama bautar ƙasa sai aka shiga yawon kai takardu. Duk ma'aikatar da ya je tambayar ɗaya ce: a ina ka taɓa yin irin wannan aiki? Ba shi da amsa. Muna ji muna gani ya koma zaman fada, daga shayin safe sai na dare, har fara'arsa ta ragu. A ƙarshe ya karɓi koyarwa a matsayin malamin kwantiragi, aikin da yake yi da mutunci, ko da yake ba shi ne burinsa ba.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mun rene shi da tunanin zamanin da ya wuce, lokacin da mai takardar jami'a ke fitowa ya tarar gwamnati na jiransa. Wannan zamani ya fara gushewa tun shekarun 1980, da kuɗin uraniyum ya faɗi, gwamnati ta tsuke ɗaukar ma'aikata. Masu takarda kuwa sai ƙaruwa suke yi. A 2010 an buɗe jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Diffa da Doso da Tillaberi. Takardar da a da take buɗe ƙofa ita kaɗai, yau tana buƙatar mai raka ta.

Akwai kuma wani bambanci da muka daɗe ba mu lura da shi ba. Ɗalibin likita, tsarin karatunsa ne ke kai shi asibiti ko yana so ko ba ya so. Ɗalibin tarihi ko falsafa ko ilimin harsuna ba shi da wata ƙofa guda da aka ce tasa ce. Abin da ya koya yana da amfani ƙwarai: ya karanta doguwar takarda ya fito da gundarinta, ya yi wa mutane tambaya ba tare da ya ɓata masu rai ba, ya auna labari kafin ya gaskata, ya rubuta rahoto mai tsabta. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake gani a fuskar takardar shaida. Sai an gan shi yana yi. A Amurka, ƙananan kwalejojin da suka shahara da irin wannan ilimi suna da ofishi na musamman mai sama wa ɗalibai wurin koyon aiki a lokacin dogon hutu, suna kuma haɗa su da tsofaffin ɗalibai. A wurinmu, mafi yawan wannan nauyi a kan gida yake faɗawa.

Da ƙanwarsa ta shiga ilimin zamantakewa, muka ce ba za mu sake barin hutu ya wuce a banza ba. Gwajinmu na farko bai yi kyau ba. Wani da muka sani ya sama mata wurin koyon aiki, abin da ɗalibai ke kira sitaj, a wata ma'aikata. Wata uku ta yi a kan kujera kusa da ƙofa, aikinta kwafar takardu da aike. Ba wanda ya nuna mata kome, kuma da za ta tafi ba a ba ta ko takardar shaida ba. Daga nan muka koyi yin tambayoyi uku kafin yaro ya fara zuwa: wa zai kula da shi, wane aiki za a damƙa masa, kuma za a rubuta masa shaida in ya gama?

A hutu na biyu ta shiga wani ƙaramin gidan rediyo na garinmu, tana juya sanarwar kiwon lafiya daga Faransanci zuwa Hausa. Nan ta gano abin da ya ba ta kunya: Hausar da ta sha a nono ba ta iya rubuta ta daidai ba. Ta zauna ta koyi ƙa'idar rubutu, ta koyi bugawa a kwamfuta da haruffa masu lanƙwasa. A hutu na uku wasu masu bincike suka nemi waɗanda za su shiga ƙauyuka su yi hira da mata, su rubuta abin da aka faɗa, su fassara. Takardar gidan rediyon ce ta sa aka ɗauke ta. A cikin wannan yawo ta samu batun da ta rubuta kundinta na kammala karatu a kai, kuma waɗanda suka ga aikinta su ne suka fara ba ta aiki da albashi.

Ƙofofin da ɗalibin irin wannan ilimi zai ƙwanƙwasa sun fi yadda muke zato yawa. A Yamai akwai cibiyar IRSH, inda ake adana tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda Bubu Hama ya yi ɗawainiyar tarawa. Yaron da ya yi makarantar allo yana da fifiko a nan. Akwai CELHTO, wadda tun 1968 take tattara tarihin baka, da LASDEL, wadda aka kafa a 2001 don binciken zamantakewa, da gidan tarihi na ƙasa. A jihohi akwai gidajen rediyo, da ofisoshin magajin gari, da makarantu masu zaman kansu, da ƙungiyoyin raya karkara. Hukumar ANPE tana rajistar masu neman aiki. A 2025 kuma an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Duk wanda ya iya rubuta Hausa da Faransanci da kyau, hannunsa na riƙe da sana'a.

Ba za mu ɓoye wahalar ba. Koyon aiki yawanci ba a biya, kuɗin mota da na abinci daga aljihun uwaye suke fita. Mu sai da uwar gida ta ware kwasar adashinta domin wannan. Ga kuma fargabar sakin ɗiya mace cikin mutanen da ba a sani ba. Abin da muka yi shi ne, muka je da ƙafarmu muka gaida shugaban wurin, muka san lokacin tashi, kuma a tafiyar ƙauye muka tabbatar akwai manyan mata a cikin ayarin. Akwai kuma nauyin baki, domin mutum ba ya son a ce ya zo roƙo. Amma neman wa yaro wurin koyo tsohuwar al'adarmu ce. Haka kakanninmu suke kama hannun yaro su kai shi wurin maƙeri ko maɗinki su ce: ga amana.

Saboda haka muna kira ga duk wanda ke da ofishi ko makaranta ko kantin littattafai daga cikin masu karanta wannan shafi, ya karɓi ɗalibi ko da guda ne a hutun bana. Ya ba shi aiki na gaske, ya gyara masa kuskurensa, ya rubuta masa shaida. Ɗan wani da ka koya wa aiki yau, wata rana shi ne zai karɓi naka.

Kawun yara kuwa, mun daɗe da samo masa amsa. Jami'ar Damagaram tana ɗauke da sunan André Salifou, ta Tawa da sunan Djibo Hamani, dukkansu masana tarihi. Da muka faɗa masa sai ya yi dariya ya ce su ma ai ba zaman fada ne ya kai su ba. Gaskiyarsa. Autanmu yana ajin ƙarshe na lise, ya ce ilimin ƙasa zai karanta. Ba mu hana shi ba, amma tun yanzu mun fara tambayar inda zai yi hutunsa na farko.